Babur Ba Ya Kiwon Kansa

Ranar kasuwa, tun kafin rana ta fito, ana jin ƙarar babura a ƙauyukan Bader Gula. Wani ya ɗauro akuya a baya. Wani ya ɗauko buhun wake. Wani kuma ya goyo tsohuwarsa zai kai ta likita. Masu tafiya nesa ba su cika tashi ɗai-ɗai ba. Sukan haɗu a bakin gari, su huɗu ko su biyar, su gaisa, su taɓa tayoyi, sa'annan su kama hanya tare.

Bader Gula ƙaramar hukuma ce a gundumar Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Tana arewa maso gabas da garin Dakoro, kusa da kwarin Tarka, inda gonaki suke ƙarewa, dajin kiwo ya fara. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 60,000 a cikinta. Akwai manoma, akwai makiyaya. Akwai Hausawa da Fulani da Abzinawa. Garuruwa nesa suke da juna. Daga Maraɗi zuwa Dakoro akwai kwalta, amma hanyoyin ƙauyuka rairayi ne da ƙaya.

A da, jaki da raƙumi da doki su ne abin hawa. Yanzu babur, wanda ake kira moto, ya shiga kowane gari. Yawancinsu ƙirar Sin ne da Indiya, irin su Kasea da Haojue da Boxer. Tafiyar da raƙumi yake wuni yana yi, babur yana yin ta cikin awa biyu. Da shi ake zuwa kasuwar Dakoro da ta Sakabal. Da shi ake bin sawun dabbar da ta ɓace, da shi ake zuwa suna da gaisuwar mutuwa.

Amma akwai bambanci. Raƙumi in an sake shi, zai ci ganyen ƙaya ya ƙoshi. Babur ba ya kiwon kansa. Wani sa ya sayar ya saye shi. Wani amfanin gonarsa na shekara ya zuba a ciki. In ba a kula da shi ba, kafin shekara biyu ya zama tarin ƙarfe a gindin rumbu. Sa ya tafi, babur ma ya tafi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ya mutu a tsakiyar daji cikin zafin bazara, ko da dare ga mace mai naƙuda a baya. A nan ba dukiya kaɗai ke cikin hatsari ba, har da rai.

Waɗanda suka daɗe a kan wannan hanya abu uku suke kiyayewa: esansi mai kyau, gyara kan lokaci, da abokan tafiya.

Daga ina esansi yake zuwa

Tun ranar 28 ga Nuwamba 2011 Nijar take tace nata man. Matatar SORAZ tana arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. An gina ta domin ta tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, cikin jihar Diffa, ta bututu. Kamfanin gwamnati SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, shi yake raba shi ga gidajen mai.

Duk da haka, shekaru da yawa mutanen jihar Maraɗi sun saba da esansin Najeriya da ake shigowa da shi ta bayan fage, wanda ake kira ruwa-ruwa. Yana da araha a lokacin, domin gwamnatin Najeriya tana biyan wani kashi na kuɗinsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an daina biyan wannan kashi. Esansi ya yi tsada a can, ruwa-ruwa ya ragu a nan. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa sefa 499, wato kusan dala ɗari. Masu saye suka yi yawa a gidajen mai. A watan Maris 2025 aka yi ƙarancin esansi, aka ga dogayen layuka a manyan garuruwa.

Wannan labari ya shafi mai babur na ƙauye. Duk lokacin da esansi ya yi wuya, kwalba takan yi tsada, kuma marasa gaskiya sukan sami hanyar gauraya shi. Gidan mai kuwa yana da nisa. Mutumin daji dole ya sayi na kwalba wani lokaci. Masu sayar da shi da yawa mutanen kirki ne, maƙwabta ne, abinci suke nema. Amma esansin da ya bi bido uku ko huɗu kafin ya iso, yakan kwaso ruwa da ƙasa ko da mai shi bai sani ba.

Yadda ake gane esansi mai kyau

1. A ɗaga kwalbar a duba ta a hasken rana. Ruwa ya fi esansi nauyi, saboda haka a ƙasa yake kwantawa. Haka ma ƙasa da tsatsa. In an ga wani abu kwance a gindin kwalba, a bar ta.

2. A ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Esansi tsantsa yana bushewa nan da nan, ba ya barin tabo. In an gauraya shi da kananzir ko gazuwal, maiƙo zai zauna a takardar.

3. Kada a dogara ga launi. Launi mai kyau ba shaida ba ce.

4. Kwalbar da ta wuni a rana ba murfi, ƙarfinta ya tashi sama. Irin wannan esansi yana sa babur wuyar tashi da safe.

5. A sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari a tace. In ana iska mai ƙura, a juya mata baya kafin a buɗe tanki.

In gurɓataccen esansi ya riga ya shiga, babur da kansa zai faɗa. Injin zai riƙa tari, yana ƙwanƙwasa, yana hayaƙi, ba shi da ƙarfin hawan tudu. To, a tsaya. A rufe famfon esansi. A ƙarƙashin karbirato akwai wata ƴar ƙusa. A sassauta ta, ruwa da dauɗa su tsiyaye, a mayar. In tankin duka ya gurɓata, a juye shi. Asarar lita biyu ta fi asarar inji sauƙi. Araha ba ta ado.

Ya kamata kowane mai babur ya san cin babur ɗinsa. Ga yadda ake yi. Ya cika tanki, ya rubuta lambar da ke jikin mita. Bayan tafiya ya sake cikawa, ya sake duba lambar. Misali, in ya yi kilomita 120 ya sha lita 4, to lita guda tana kai shi kilomita 30. Cikin rairayi, ko da kaya mai nauyi, babur yana shan fiye da yadda yake sha a kwalta. Saboda haka mai doguwar tafiya ya tanadi na zuwa, da na dawowa, da ƙari domin ɓatan hanya.

Esansi wuta ne

Tururin esansi ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa, ba a ganinsa, har ya kai ga murhu. Kada a ajiye bido cikin ɗakin kwana, ko kusa da madafa, ko gindin rumbu. A kashe injin kafin a zuba. Mai shan taba ya yi nisa. In wuta ta kama, kada a watsa ruwa, domin esansi yana hawa kan ruwa ya bazu. Da ƙasa ake kashe ta.

Kada a bar esansi ko kananzir cikin kwalbar lemo inda yara suke. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi likita da sauri.

In motar ɗaukar mai ta faɗi, a gudu, kada a je ɗiba. A watan Mayu 2019 wata ta faɗi a Yamai kusa da filin jirgi. Mutane suka taru da bido, wuta ta tashi, fiye da 50 suka rasu. A watan Oktoba 2024 haka ta faru a Majiya, cikin jihar Jigawa a Najeriya, fiye da 150 suka rasu.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba

Inji yana numfashi kamar dabba. Iskar da yake shaƙa tana bi ta cikin mataci kafin ta shiga. In matacin ya yage, ko an cire shi, rairayi zai shiga ya riƙa gugar fistin da zobbansa kamar dutsen niƙa. Sai a ga babur yana shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa ya tafi. Wannan gyara mai tsada ne.

Mataci iri biyu ne. Na soso ana wanke shi da kananzir, a matse, a shanya a inuwa, a ɗiga masa mai kaɗan, a mayar. Na takarda ba a wanke shi. Ana kakkaɓe shi a hankali, in ya toshe a sayi sabo. Lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, a duba shi kowane mako.

Baƙin mai shi ne jinin inji

Baburan yanzu ba a gauraya musu mai cikin esansi kamar na da. Mainsu daban yake, a cikin inji, kuma abin da suke ɗauka bai cika wuce lita guda ba. A jikin gwangwanin da ya dace da su akwai rubutu 4T. Mai rubutu 2T na tsofaffin babura ne masu gauraye. Kada a musanya su. A ƙasa mai zafi an fi amfani da mai lamba 20W-50. A sayi gwangwani mai murfi a liƙe. Man da aka juye daga babbar mota ba mai ba ne, dauɗa ce.

Kowace safiya a tsayar da babur daidai a wuri mai shimfiɗa, a zaro ma'auni a duba. In man ya sauka, a ƙara. Sabon babur ana yi masa juyen farko bayan kilomita 500 ko kusa da haka. Bayan wannan, a ƙasar ƙura irin ta Dakoro, masu gyara da yawa suna ba da shawarar juye kowane kilomita 1,000. A yi juyen injin yana da ɗumi, domin dauɗa ta fita duka.

Tsohon man kada a zubar da shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi. Kuma kada a shafa shi a ciwon dabba. Guba ne, ba magani ba ne.

Buji da sarƙa da taya

Buji ɗan ƙarami ne, amma shi yake tada wutar inji. Kansa yana ba da labarin lafiyar babur. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne mai busasshen kunkunniya, esansi ya yi yawa, ko mataci ya toshe. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawa, sai a ga mai gyara. In fari ne fat, injin yana zafi fiye da kima. Kada a yi doguwar tafiya ba sabon buji a aljihu.

Sarƙa ba ta son ɗauri da yawa, ba ta son saki da yawa. In an tura ta da yatsa a tsakiya, ta motsa kamar faɗin yatsa biyu. A wanke ta da kananzir, a sa mai kaɗan, a goge saura da tsumma. Mai da yawa yana tara rairayi, rairayi kuwa yana cinye haƙora.

Cikin rairayi mai zurfi ana rage iskar taya kaɗan domin ta zauna bisa ƙasa. Amma in an rage da yawa, taya za ta juya ta tsinke bakin tiyub. Da an hau tsakuwa ko kwalta, a mayar da iska. Da yamma a duba taya a cire ƙayar aduwa da ta magarya kafin ta nutse.

Waɗannan babura iska ce take sanyaya su. In ana tafiya a hankali cikin rairayi da tsakar rana, injin yana ɗaukar zafi. A tsaya a inuwa ya huta. Kada a watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. Kuma a tuna, babur ba amalanke ba ne. Mutum uku da buhu biyu suna karya ƙafar baya, birki kuma ba ya kamawa.

Wanda ya koyi karatu da rubutu yana da riba a nan. Ya ajiye ɗan littafi. Ya rubuta ranar juye da lambar mita, da kuɗin esansi, da kuɗin gyara. Zai san ranar juye na gaba. Zai karanta abin da ke jikin gwangwani da kansa. In kuma kabu-kabu yake yi, ƙarshen wata zai san ko riba ya ci ko uwar kuɗi yake ci.

Ayarin zamani

Fataken da ba su ratsa daji su kaɗai. Ayari suke yi. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai wucewa gaba, akwai zango inda ake sauka. Haka ayarin gishiri na Bilma da Fashi yake. Masu babura na yanzu wannan hanya suka gada, ko sun sani ko ba su sani ba. In ayari ya yi kyau, ga yadda yake tafiya.

Wanda ya fi sanin hanya shi ne a gaba. Wanda ya iya gyara shi ne a baya, domin in wani ya tsaya ya tarar da shi. Sabon hannu da mai ɗauke da mace ko tsoho suna tsakiya. Ana barin rata tsakanin babur da babur, saboda ƙura tana rufe ido, tana kuma toshe mataci. Inda hanya ta rabu biyu, na gaba yana tsayawa sai ya ƙirga kowa.

Kaya ma rabawa ake yi. Wani ya ɗauki famfo da kayan faci. Wani ya ɗauki sufana da abin kwance buji. Wani tiyub da igiya mai ƙarfi ta ja. Amma ruwan sha kowa da nasa, kuma ya fi abin da yake zaton zai sha. Kafin a tashi, a faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. A cika wayar hannu da caji, amma kada a dogara gare ta, domin akwai wuraren da ba ta kamawa.

Babbar doka ita ce ba a wuce mutumin da ya tsaya a daji. Ko an san shi ko ba a san shi ba, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko Ba'abzine, ana tsayawa a ce: “Sannu malam, lafiya dai?” In dattijo ne a ce: “Baba, me ya samu moton?” Wani rabin lita yake bukata. Wani famfo kawai. Wanda ya ba da rabin lita yau, gobe shi za a ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abokan tafiya suna iya yin adashi. Kowace kasuwa kowa ya zuba abin da aka yanke. Wanda injinsa ya lalace, ko aka kwantar da shi asibiti, ba sai ya sayar da tunkiyar gida da araha ba.

Har masu tseren duniya sun koyi wannan darasi a hamadar nan. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace shi kaɗai a kan babur, cikin hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya. Da ƙyar aka gano shi da rai. Shi ne daga baya ya kafa tseren Paris zuwa Dakar. Tseren farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa. Tun 2009 ba a yin wannan tsere a Afirka. Amma abin lura shi ne, waɗancan mutane suna da kuɗi da sababbin injuna, duk da haka fiye da rabinsu sun tsaya a hanya. Daji ba ya jin kunyar kowa.

Ladabin hanya

Mai babur ba shi kaɗai ne da hanya ba. In ya tarar da garke, ya rage gudu, kada ya yi ta busa ƙaho yana tarwatsa dabbobi. Raƙumin da ya firgita yana iya kada mahayinsa. Da damina kada ya ratsa gonar mutane domin yanke hanya. Abin da ya jawo faɗa tsakanin manomi da makiyayi, shi zai jawo tsakanin manomi da mai babur. A bakin rijiya da cikin gari, inda yara suke wasa, a tafi sannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Hular kwano tana da zafi, gaskiya ne. Amma rawani ƙura yake tarewa, ba ya tare dutse. Ƙafar da ta karye ana ɗora ta. Kai kuwa in ya fashe, asibitin Dakoro yana da nisa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, kada a ba shi babur.

Mai zuwa nesa ya riƙe takardun babur da nasa: takardar mallaka, da izinin tuƙi, da inshora, da katin ɗan ƙasa. Ya kuma tambayi labarin inda za shi. Saboda tsaro, hukuma ta taɓa hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan jihar Tilaberi a farkon 2020. Tambaya a wurin jandarma ko magajin gari ba ta cin kuɗi.

Da yamma, in kasuwa ta watse, ayari yakan koma yadda ya zo. A bakin gari a ƙirga kowa, a ɗora shayi, a yi dariyar wanda ya faɗi cikin rairayi. Kafin a shiga gida, mai hankali yakan duba tayarsa, ya goge sarƙa, ya rufe famfon esansi, kamar yadda makiyayi yake duba garkensa kafin ya kwanta. Manoma da makiyaya na Bader Gula sun san kiwo tun kaka da kakanni. In sun riƙe babur yadda suke riƙe dabba, zai daɗe yana yi musu aiki. Allah ya kiyaye hanya.